Mu Gina Rumbun Adireshi Na Gayya Don Manoman Kura Da Bunkure

Kafin ka ci gaba, ɗauki wayarka ka nemo min abu ɗaya mai amfani da aka turo maka a WhatsApp wata shida da suka wuce. Ban da bidiyon barkwanci. Ina nufin sanarwar tallafin karatu, ko hasashen damina, ko bayanin wani magani. Na ba ka minti biyu. In ka samo, to sannunka da ƙoƙari. Yawancinmu ba za mu samo ba, domin ko dai wayar ta cika mun share, ko an sace ta, ko saƙon ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a dubu.

Ni wannan abin ya taɓa ƙona ni. A ranin 2023, lokacin da tsutsar tumatir ɗin nan da manoma ke kira Sharon ta sake dawowa, na je hutu wajen kawuna da ke noman rani a gefen kanal a yankin Kura. Ina isa lambun ya nuna min ganyen da ya yi fari-fari kamar an zana masa taswira, ya ce, "Ɗana, ba kai ne ɗan jami'a ba? Takardar nan da ka taɓa karanta min a waya kan wannan tsutsa, nemo min ita." Na ce, "Kawu, yanzun nan." Wallahi kwana uku ina nema. Guruf ɗin da aka turo ta na riga na share shi saboda waya ta cika. Da na samu adireshin a wajen wani abokina, na latsa, sai shafin ya ce babu shi. Kawu bai jira ni ba, ya je ya sayi abin da mai shago ya miƙa masa, ya yi feshi sau uku da magani iri ɗaya. Abin da ya tsinta a ƙarshe bai mayar masa da kuɗin taki ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce takardar nan da ta ceci gonar ba. Amma abin da ke cikinta ya kamata ya ji: tsutsar tana shiga cikin naman ganye ne ta ɓuya, shi ya sa feshin sama-sama ba ya cika samun ta, maimaita magani ɗaya yana sa ta saba da shi, akwai tarkon da ke jawo mazan malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita, kuma tattara ragowar shuka a ƙone bayan girbi yana rage ta. Wannan ilimin yana nan, an rubuta shi, kyauta ne. Abin da muka rasa shi ne wurin ajiye hanyar zuwa gare shi.

Abin da nake kira a yi

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mu matasa, musamman ɗaliban da suka fito daga Kura da Bunkure da Garun Malam, mu haɗa hannu mu kafa rumbun adireshi na kowa da kowa, da buɗaɗɗiyar manhaja, da Hausa.

Bari in warware kalmomin. Kowane shafi a intanet yana da adireshi. Idan ka ga shafin da kake so ka sake komawa, kana iya yi masa alama a wayarka, kamar yadda almajiri ke sa tsinke a inda ya tsaya a littafi. Matsalar ita ce alamar tana zaune a wayarka kai kaɗai, in wayar ta tafi ta tafi da ita. Rumbun adireshi shi ne zaure guda a intanet inda mutane da yawa ke zuba waɗannan alamomi, kowace da ɗan bayani da laƙabi: tumatir, shinkafa, taki, bashi, farashi, yanayi. Wanda ya shigo ya latsa "tumatir" zai ga duk abin da 'yan'uwa suka tara. Ita kuma buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda rubutun da aka gina ta da shi yake a fili, lasisinta ya ba kowa damar ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba.

Me ya sa wannan yankin? Domin wuri ne da noma ke tafiya da lokaci da lissafi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa dubban hektoci a waɗannan ƙananan hukumomi, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A nan ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, shekarar da Sharon ta yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Ga kasuwar Kwanar Gafan, inda ake loda kwandunan tumatir zuwa Kudu. Ga shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 500 don gyara ayyukan ban-ruwa a Arewa, har da wannan na Kano. Kowace daga cikin waɗannan tana fitar da bayanai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana wallafa ƙasidun wayar da kan manoma. Amma duk a warwatse suke, yawanci da Turanci, wasu a cikin PDF mai shafi ɗari da zai cinye maka data kafin ya buɗe.

Kayan aro ba ya ado

Na san abin da za ka ce: "To ai akwai kamfanonin da suka riga suka yi irin wannan, me zai sa mu wahalar da kanmu?" Saurari tarihinsu. A 2003 wani Ba'amurke, Joshua Schachter, ya ƙirƙiri del.icio.us, wanda ya yi suna wajen tara alamomin shafuka da laƙabi. Yahoo ta saye shi a 2005, ta sayar a 2011, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya zama kufai. Google ta rufe nata Google Bookmarks a Satumban 2021. Mozilla, masu Firefox, sun rufe Pocket a Yulin 2025, suka ba mutane 'yan watanni su kwashe kayansu. Waɗannan manyan kamfanoni ne, ba talauci ne ya kashe kayan nasu ba, lissafin kasuwa ne ya canza. Kai da ka tara shekaru kana ajiya a ɗakin wani, ranar da mai ɗaki ya ce zai rufe, ba ka da ta cewa.

Mu a Najeriya ma mun ɗanɗana irin wannan ta wata fuskar. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an toshe Twitter a ƙasar nan. Duk wanda ya mayar da shi ma'ajiyarsa ya ji a jikinsa.

Su kansu shafukan mutuwa suke yi. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Abin da ya same ni a lambun Kawu ke nan. Don haka rumbun da nake magana ba adireshi kaɗai zai riƙe ba. Kowane shafi mai muhimmanci sai an aika kwafinsa zuwa Wayback Machine na Internet Archive, wanda kowa ke iya yi kyauta, sannan a rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa a ƙarƙashinsa. Ko shafin ya mutu, layi biyar ɗin nan na Hausa suna nan.

Ba daga tushe za mu fara ba

Ga labari mai daɗi: ba sai mun ƙirƙiro komai daga farko ba. Akwai Shaarli, ƙaramar manhaja da wani Bafaranshe ya rubuta don amfanin kansa, wadda ko rumbun bayanai na daban ba ta buƙata, kuma daga baya 'yan sa-kai suka karɓi ragamar kula da ita. Akwai wallabag, ita ma daga Faransa, da ke ajiye rubutun shafi don a karanta daga baya. Akwai linkding. Dukkansu a buɗe suke a GitHub. Jami'o'in Amurka ma haka suka yi tuntuni: maimakon kowace ta sayi nata zauren ɗalibai, sai suka haɗu a ƙungiyar JA-SIG suka gina uPortal tare, kuma cikin ƙananan sassan da aka gina masa har da na ajiye alamomin shafuka. Wata jami'a ta gyara kuskure, sauran duk su amfana. Kusa da gida kuma, a Kenya, wasu tsirarun matasa ne suka haɗa Ushahidi a farkon 2008 cikin 'yan kwanaki don tattara rahotannin rikicin bayan zaɓe, suka sake ta a buɗe, ƙasashe da dama suka ɗauka suka yi amfani da ita.

Namu aikin shi ne mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan mu daidaita ta da rayuwarmu. Ga abin da nake ganin dole ne:

Na farko, fuskar manhajar ta zama da Hausa, kuma akwatin bincike ya gane cewa wanda ya rubuta "kwari" yana iya nufin "ƙwari", domin ba kowace waya ce ke da ɓ da ɗ da ƙ a kusa ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma wanda ya rubuta manhajar a Turai bai taɓa tunaninsa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu, ta zama mara nauyi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait kuɗi ne. Rubutu zalla, ba hotuna masu walƙiya ba, kuma a rubuta nauyin kowane fayil a gefensa kafin mutum ya latsa.

Na uku, kowane bayani ya samu ɗan saƙon murya na minti ɗaya da za a iya turawa ta WhatsApp. Ba faɗa muke da WhatsApp ba. Shi keken kai kaya ne, rumbun kuma shi ne inda kayan ke kwana.

Na huɗu, kowane adireshi ya ɗauki ranar da aka sa shi da ranar da aka sake duba shi. Farashin kwando na makon jiya ba labari ba ne yau, kuma sanarwar bashin da aka rufe bara tarko ce.

Na biyar, kada a tara lambobin waya ko sunayen manoma. Ba ma buƙatar su, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta hau kan duk mai tarawa.

Abin da ya gyaru a wajenmu kuma mu mayar wa masu asalin manhajar, musamman fassarar Hausa, domin ɗan Maraɗi ko ɗan Sakkwato da zai ɗauka gobe ya tarar an share masa hanya.

"Manomin da ba ya karatu fa?"

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Kawuna ba zai taɓa buɗe wannan zaure da hannunsa ba. Wayarsa ƙarama ce, mai tocila. Amma ka duba yadda labari ke isa gare shi a yau: ta bakin ɗansa, ta bakin malamin gona, ta wajen mai sayar da iri, ta rediyo. Waɗannan su ne za su yi amfani da rumbun. Idan ɗan da aka tambaya yana da inda zai duba cikin minti ɗaya, uban ya samu. Idan mai gabatar da shirin noma a rediyo yana da jerin bayanan da aka tantance, dubban masu sauraro sun samu.

Akwai kuma haɗari, kuma gara mu faɗe shi da kanmu. Rumbun da kowa ke zubawa yana iya cika da ƙaiƙayi: tallan maganin bogi, shafukan damfara masu cewa ka biya dubu biyar a sa ka a tallafin gwamnati, shawarar feshin da za ta iya cutar da mai ci. In haka ta faru, mun fi wanda bai yi komai ba laifi. Saboda haka kowa na iya kawo adireshi, amma ba zai fito fili ba sai mutum biyu sun duba, kuma duk abin da ya shafi magani ko taki sai wanda ya karanci aikin gona ya sa hannu. Haka manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja ke yi da gyare-gyaren da ake kawo musu: a duba kafin a haɗa.

Wa zai yashe kanal?

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Rubuta manhajar shi ne mafi sauƙi. Ɗalibai uku masu kai za su iya ɗora Shaarli a kan saba kafin la'asar. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne wata na bakwai, lokacin da zumuɗi ya wuce, jarrabawa ta zo, wanda ya riƙe kalmar sirri ya tafi bautar ƙasa, kuɗin saba ya ƙare ba wanda ya tuna.

Duk wanda ya tashi a yankin ban-ruwa ya san wannan ciwon. Kowa na son ruwa ya iso gonarsa, amma ranar yasar kanal da cire kacala sai ka ga mutane sun yi ƙaranci. Na bakin ruwa ba ya jin zafi, na ƙarshen layi shi ke kwana da ƙishi. Dalilin kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke nan: a san wa ke da alhakin wane yanki, a tara ɗan kuɗin gyara, a yi layi. Duniyar manhaja ma tana fama da wannan. A Disambar 2021 aka gano wata babbar kafa a Log4j, wani ɗan guntun manhaja da manyan kamfanonin duniya ke amfani da shi, sai mutane suka farga cewa tsirarun 'yan sa-kai ne ke kula da shi a lokacin hutunsu. Idan hakan ta faru da abin da duniya ta dogara da shi, ina ga namu?

Don haka tun ranar farko a rubuta ƙa'ida. Kada mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, aƙalla uku. Kowane laƙabi ya samu mai kula da shi na zango guda, sannan ya miƙa wa na bayansa a rubuce. Duk wata a kwafe rumbun gaba ɗaya a ajiye a wuri biyu. Kuɗin saba da na sunan shafi a tara su kamar adashi, a kuma wallafa abin da aka kashe kowa ya gani. 'Yan aji huɗu kada su bar makaranta sai sun horar da 'yan aji biyu.

Kowa da abin da zai kawo

Kar ka ce ai kai ba ka iya rubuta manhaja ba. Ni ma aikin jarida nake karanta, ban iya ba. A aikin gayya ba kowa ne ke riƙe fartanya ba, wani ruwa yake kawowa, wani kiɗa yake yi. Ɗalibin kwamfuta a Bayero ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ya riƙe ɓangaren manhaja. Ɗalibin aikin gona, ko daga Kwalejin Audu Bako ta Dambatta, ya tantance. Ɗalibin Hausa ya daidaita kalmomi. Mu 'yan jarida mu taƙaita, mu naɗi murya. 'Yan'uwa mata, ke da kike karanta wannan, kin fi kowa sanin abin da masu turara shinkafa da masu busar da tumatir a cikin gida ke buƙatar ji, kuma in ba ki shigo ba, laƙabin nan ba wanda zai tuna da shi. Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa sun riga sun nuna mana cewa matasanmu na iya yin aikin sa-kai mai ɗorewa. Cibiyoyi irin su CITAD a Kano sun daɗe suna horar da matasa kan fasahar sadarwa, ana iya ƙwanƙwasa musu ƙofa don shawara.

Malamanmu na jami'a, ga roƙo. Duk shekara ɗalibai na rubuta furojet, a ɗaure shi da baƙin bango, a ajiye a kanta ƙura ta ci. Me zai hana a amince ɗalibi ya gyara matsala guda a buɗaɗɗiyar manhajar da mutane ke amfani da ita, a ba shi maki a kai? Shi ma ya samu abin nunawa ranar neman aiki, domin a GitHub kowa na ganin abin da hannunka ya yi.

Kar mu jira tallafi daga waje, kar mu fara da taron ƙaddamarwa da riguna masu tambari. Mu fara da ƙanƙani. A wannan makon, nemo adireshi biyar da ka tabbatar suna da amfani ga manomin rani, buɗe kowanne ka ga yana aiki, rubuta masa layi uku da Hausa, ka sa kwanan wata. Ka nemi abokai huɗu su yi haka. Kun tara ashirin da biyar ke nan, kuma ko a takardar lissafi ta bai-ɗaya kuka zuba su, rumbu ya fara. Sai ku nemi mutum ɗaya da ya san saba ya ɗora muku manhajar.

Ni na fara nawa. Na farko a jerin shi ne bayanin Sharon, da kwafinsa a ajiye, da saƙon murya. In Allah Ya kai mu lokacin dashen tumatir, Kawu zai sake tambaya ta, kuma wannan karon ba na son in ce masa ya ba ni kwana uku. Allah Ya ba manomanmu albarkar noma, mu kuma Ya ba mu juriyar riƙe abin da muka fara.